Wa Ke Tsaron Ƙofar Kantinka?

Karatu: Nehemiya, sura 3 zuwa 7.

Mutanen da ba su zauna birni ba ganuwa ba. Wanda ya taɓa zuwa Kano ya ga abin da ya rage na badala, ya kuma bi ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa ya shiga gari. A zamanin da kowace ƙofa da mai-tsaronta, ana ce da shi Sarkin Ƙofa. Shi ke rufewa da dare, shi ke buɗewa da safe. Matafiyin da ya iso bayan an rufe sai ya kwana a waje, kome girman rawaninsa. Mutanen nan sun gane ganuwa kome kaurinta ba ta fi mutumin da ke riƙe da ƙofarta ƙarfi ba.

A wannan wata muna so mu yi magana da 'yan'uwa masu-neman abinci ta wurin ciniki: mai-kanti, mai-injin niƙa, tela, mai-sayar da magani, mai-POS a bakin tasha, da iyayenmu mata masu-awon hatsi. Dukiyarku ta ƙaura. Da tana cikin akwatin ƙarfe ko lalita, yanzu tana cikin waya. A shekara ta 2014 Babban Bankin Nijeriya ya kawo lambar BVN, wadda ta ɗaure dukan asusun mutum da sunansa da yatsunsa. A farkon 2023 kuma, bayan an sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, har mai-ƙosai da mai-tsire suka buɗe asusu ala tilas domin a riƙa tura musu ta waya. Mutane da yawa suka shiga wannan sabon gari a guje, ba wanda ya nuna musu inda ƙofofinsa su ke. Ɓarayi kuwa sun riga su shiga.

Ɓarawon nan ba ya haura katanga, ba ya fasa kwado, kare ba ya yi masa haushi. Yana zaune a wani gari ya kwashe jarin shekara goma kafin ruwan shayi ya tafasa. Saboda haka waɗansu sun saki jiki, suna cewa abin ya fi ƙarfinmu, sai dai Allah ya kiyaye. Mu ma mun gaskata Allah ne mai-kiyayewa. Amma bari mu buɗe littafin Nehemiya mu ga yadda mutumin Allah ya yi da wannan gaskiya.

Nehemiya mai-shayarwa ne a fadar Artashate sarkin Farisa. Wajen shekara 445 kafin haihuwar Ubangijinmu ya sami izini ya tafi Urushalima, ya tarar da ganuwa a rushe, ƙofofi a ƙone. Ya tara jama'a suka kama aiki. Idan ka karanta sura 3 a hankali za ka ga cikin magina akwai maƙeran zinariya, da masu-haɗa turare, da 'yan kasuwa, har da wani shugaba da ya fito tare da 'ya'yansa mata. Da yawansu kowa ya gyara wurin da ke daura da gidansa. Da magabta suka ƙulla za su auka musu, Nehemiya bai tsaya zaɓe tsakanin addu'a da tsaro ba. Sura 4 ta nuna sun yi roƙo ga Allah, suka kuma sa matsara dare da rana. Ba wanda ya ce bangaskiyarsa ta kasa don ya sa masu-gadi. Cikin kwana 52 ganuwa ta ƙare.

To, ga abin da mu ke so mai-karatu ya lura da shi. Sanballat da Tobiya da Geshem ba su fasa ganuwar nan ba. Da suka ga ba sauran tsaguwa, sai suka bar ganuwa suka koma kan mutumin. Yawancin sura 6 labarin saƙonni ne. Haka ɓarayin intanet su ke. Ganuwar banki tana da kauri, akwai ma'aikata masu-ilimi da a ke biya domin tsaronta, fasa ta ba wasa ba ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne a kira mai-asusu a sa shi ya buɗe da hannunsa. Kai ne Sarkin Ƙofa na kantinka, kai su ke nema.

Saƙon fari mai-taushi ne. Suka aika wa Nehemiya ya sauko su gana a wani ƙauye a filin Ono, kamar masu-neman sulhu. Ya gane mugunta su ke nufi, ya ƙi barin aikinsa. Sau huɗu suna aikowa, sau huɗu yana mayar musu da amsa ɗaya. Filin Ono na zamaninmu shi ne saƙon nan da ke shigowa waya, wai ana raba tallafi ga ƙananan 'yan kasuwa, ko rance ba ruwa, ko ka ci kyautar wani kamfani, ka danna nan ka cika sunanka. Shafin da zai buɗe yana da tambarin banki ko na gwamnati, launi da kome daidai, amma ɓarawo ne ya zana shi, duk abin da ka rubuta a ciki kuwa hannunsa ya ke zuwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda bai taɓa saninka ba, me ya sa ya ke roƙonka ka karɓi kuɗinsa?

Nehemiya ya riga ya shirya amsarsa, bai zauna yana sake shawara kowane zuwan manzo ba. Kai ma ka yanke tun yau abin da ba ya fita daga bakinka. Lambar asusunka, watau lambobin nan 10, kamar kwatancen gida ce, kowa yana iya saninta domin ya aiko maka. Amma lambar sirri ta kati, da lambobin da ke rubuce a jikin katin gaba da baya, da lambar shiga manhajar banki, da lambar nan da a ke turowa sau ɗaya wadda a ke kira OTP, waɗannan mabuɗai ne. Bankin gaskiya ba ya cewa ka faɗa masa su. Duk wanda ya tambaya ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Da lallashi ya ƙi ci, sai Sanballat ya sake dabara. A karo na biyar ya aiko baransa da wasiƙa a buɗe, cike da ƙarya, wai Nehemiya yana shirin tawaye ya naɗa kansa sarki, maganar kuma za ta kai kunnen sarkin Farisa. Nufinsa tsoro ya kama su, jikinsu ya mutu. A ganinmu wannan ita ce dabarar da ta fi cin mutanenmu. Waya ta yi ƙara ana tsakiyar ciniki. Murya mai-ladabi ta ce daga babban ofishin banki a ke kira, an sami matsala a BVN naka, za a rufe asusun kafin ƙarfe huɗu. Ya faɗi cikakken sunanka, ya faɗi ranar haihuwarka, wani lokaci har sunan garinku. Sa'an nan ya ce yanzu wata lamba za ta shigo wayarka, ka karanta masa domin ya gyara.

Bari mu bayyana abin da ke faruwa a wannan minti, gama wanda ya gane shi sau ɗaya da wuya a ci shi. Mutumin yana tsaye ne a ƙofar asusunka. Ya riga ya tattara sunanka da sauran bayani daga takardun da ka cika a wurare dabam dabam, ko daga abin da ka baza a Facebook, ya kuma fara cire kuɗi ko ɗora asusunka a tasa wayar. Banki bai tabbata kai ne ba, shi ya sa ya aika da lambar zuwa layinka, kamar mai-gadi da ya leƙo yana tambayar maigida ko a bar baƙon nan ya wuce. Abu ɗaya ke nan da ya rage wa ɓarawo. Sa'anda ka karanta masa, ka ce da mai-gadi ya buɗe. Sanin sunanka ba shaida ba ce. Sanballat ma ya san sunan Nehemiya sarai. Ka kashe wayar. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka taka da ƙafarka zuwa reshen bankin. Mun sani an yi mana tarbiyya kada mu katse babba yana magana, iyayenmu mata musamman su kan ji nauyin haka. Ɓarawo ya san wannan tarbiyya, a kanta ya ke jingina tsaninsa.

Dabarar da ta biyo baya ita ce ta fi ba mu baƙin ciki, domin da rigar ibada ta zo. Wani mai-suna Shemaiya ya yi kamar yana annabci, ya ce da Nehemiya su gudu cikin Haikali su kulle ƙofa, gama ana zuwa kashe shi da dare. Magana ce mai-kama da ƙauna, daga bakin mutumin gida, a kan wuri mai-tsarki. Nehemiya ya auna ta ya ƙi, ya gane Allah bai aiko mutumin ba, Tobiya da Sanballat ne suka biya shi.

Masu-bi suna da wani rauni mai-kyau: mun saba amincewa da juna. Ɓarayi sun gano haka, suna kutsawa zaurukan WhatsApp na ekklesiya, na Zumuntar Mata, na mawaƙa, na ƙungiyar 'yan kasuwa. Mutum ya kira ka ya gaishe ka cikin sunan Ubangiji, ya ce za a yi taron addu'a ta waya da daddare, an turo maka lambobi guda 6, ka faɗa masa ya sa sunanka. Lambobin nan ba na taro ba ne. Su ne WhatsApp ke aikowa idan wani yana so ya ɗora layinka a sabuwar waya. Da ka faɗa, sai naka ya mutu, nasa ya tashi da sunanka da hotonka. Kafin gari ya waye ya bi abokan cinikinka da 'yan'uwanka ɗaya ɗaya: ina asibiti, a taimake ni da dubu hamsin zuwa gobe; ko kuwa, kaya sun iso, a tura kuɗin a wannan sabon asusu. Su kuwa suna turawa domin sun san ka da gaskiya. Sunan kirkin da ka shekara ashirin kana ginawa shi ne jarin da ya ke ci da shi. Maganin wannan yana cikin WhatsApp ɗin kansa: akwai wurin da a ke sa lambar sirri ta biyu, wadda kai ka zaɓa, ba a turo ta ta saƙo. Minti biyu ya isa a sa ta.

Kada kuma ka ce, ai na san muryarsa. Ishaku ya ji murya ya yi shakka, amma ya taɓa gashin hannu, ya sansana tufafi, ya yarda, albarka ta tafi wurin wanda ya yi shigar wani. Murya ce kaɗai Yakubu ya kasa sakewa. Yanzu na'ura tana kwaikwayon ita ma. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taro ta bidiyo, ya ga fuskokin manyansa ya ji muryoyinsu, ya tura wajen dala miliyan 25 bisa ga umurninsu. Ashe dukansu na'ura ce ta ƙera su. Idan saƙo ya zo da sunan Pasto ko dattijo ko ɗanka yana neman kuɗi da gaggawa, ka kira shi da kanka a lambar da ka sani tun da, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Pasto na gaskiya ba zai ji haushi ba. Mu kam muna roƙo a yi mana haka.

Da aka kafa ƙofofi, Nehemiya ya danƙa su ga ɗan'uwansa Hanani da wani Hananiya, wanda aka zaɓa saboda amincinsa da tsoron Allah. Ya ba su doka a sura 7 kada a buɗe da asuba, sai rana ta ɗaga sosai, lokacin da ido ke rarrabe fuskar mai-zuwa. Doka ce mai-jinkirta ciniki, muna tsammani fatake sun yi gunaguni a bakin ƙofa. Amma duk dabarun da muka ambata abu ɗaya su ke ci da shi, watau gaggawa.

Dubi alat na ƙarya. Mai-saye ya ɗauki buhu biyu na masara, ya ce ya tura, ya nuna maka rasit a fuskar wayarsa, ko ma saƙo ya shigo taka wayar da sunan banki. Mota tana jira, kwandasta yana kira, shi kuma yana cewa, Haba Maigida, ba ka yarda da ni ba ne? Rasit hoto ne, yaro mai-waya yana iya zana shi. Saƙon ma ana iya ƙirƙiro shi. Shaida ɗaya ce: ka buɗe asusunka da kanka ka ga jimlar kuɗinka ta ƙaru. In ba ta ƙaru ba, rana ba ta ɗaga ba tukuna, kaya su zauna. Idan sabis ya yi nauyi laifin ba naka ba ne, mai-gaskiya zai jira ko ya dawo. Ka koya wa yaran kanti wannan, ka kuma gaya musu a fili ba za ka yi musu faɗa ba idan ciniki ya wuce saboda sun tsaya dubawa, gama yaron da ke tsoron faɗan maigida shi ne ke sakin kaya. Haka nan idan wanda ka saba sari wurinsa a Kantin Kwari ko Anacha ya aiko saƙo wai ya sake asusu, kada ka tura ko kwabo sai ka ji daga bakinsa a tsohuwar lambarsa.

Akwai kuma ƙofar da ke buɗewa daga ciki. Tobiya yana da surukai cikin manyan Yahuda, ana kai masa duk abin da Nehemiya ya faɗa. Can a sura 13 ma mun tarar Eliyashib firist ya ba shi ɗaki cikin harabar Haikali, inda a ke ajiye baiko. Da ɗan gari a kan ci gari. Ba muna cewa ka zargi yaronka ko ƙanenka ba, muna cewa kada ka ɗora masa jarabar da ta fi ƙarfinsa. Kanti da yawa lambar sirri ɗaya ce maigida da uwargida da yara uku su ke amfani da ita, yaron da ya bar aiki bara ma har yanzu tana kansa. Ranar da kuɗi suka ɓace, wa za a tambaya? Sai zargi ya faɗa kan marar-laifi, zumunci ya lalace. Ezra da zai ɗauko azurfa da zinariya daga Babila, ya auna su a hannun firistoci kafin tafiya, aka sake aunawa a Urushalima aka rubuta, ba wanda kuwa ya ce an raina firistocin. Ka raba asusu biyu: ƙarami na cinikin yini wanda yara ke gani, babba na jari wanda ba a haɗa shi da wayar kanti ba. Ka sa banki ya rage iyakar abin da a ke iya fitarwa a rana ɗaya. Yaro ya tashi, ka sake lambobi a ranar, ko da albarka kuka rabu. Ma'ajin ekklesiya da mai-riƙon adashe, maganar nan taku ce ku ma.

Wayar kanta fa? Mutane su kan kulle fuskar waya su manta da sim. Ɓarawon da ya fizge waya a tasha, sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba: ya cire sim ya sa a wata ƙaramar waya, ya nemo BVN, ya danna lambobin banki, saƙonnin OTP kuma yanzu wurinsa su ke zuwa. Sim yana da nasa kwado, lambar sirri da a ke tambaya duk sa'anda aka kunna shi a wata waya, amma mutane da yawa ba su taɓa sa ta ba. Idan kuma layinka ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta yana aiki, kada ka jira gobe; mai-yiwuwa wani ya je ya karɓi sabon sim da lambarka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaguwar da muka fi gani ita ce lambar sirri mai-sauƙi: 1234, ko shekarar haihuwa, ko ƙarshen lambar waya, ko kalma ɗaya da a ke buɗe imel da Facebook da banki duka da ita. A Ingila akwai wani kamfanin manyan motocin kaya, KNP, wanda asalinsa ya kai shekara 158. A 2023 masu-kutse suka shiga kwamfutocinsa, bisa ga abin da aka bayyana ta wurin canko kalmar sirrin ma'aikaci ɗaya, suka kulle dukan lissafin kamfanin suka nemi kuɗin fansa. Cikin 'yan watanni kamfanin ya rushe, mutum wajen 700 suka rasa aiki. Kalmar sirri mai-kyau doguwa ce: ka haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka, kowace ƙofa kuma da tata. In za ka rubuta su, a littafi a gida, ba a bayan kati ko bangon kanti ba.

Saƙon da waya ko kwamfuta ke yi cewa a sabunta ta, yaɓe ne na tsaguwar da masu-ita suka gano. A watan Mayu 2017 wata cutar kwamfuta mai-suna WannaCry ta bazu ƙasashe wajen 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, alhali Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ba su sa ba, su ta kama. Mun san data tana da tsada. Manomi ma ya san yaɓen rumbu yana da wahala, amma ba ya barinsa sai damina ta sauka. Littafin bashi kuma kada ya zauna a waya kaɗai. A kwafe shi a takarda kowane mako, gama ranar da waya ta tafi, waɗanda ka ke bi bashi da yawa mantuwa ta kan kama su.

Nehemiya ya ajiye mai-busa ƙaho kusa da shi, domin ganuwa tana da tsawo, magina suna nesa da juna; inda aka ji ƙaho nan kowa zai ruga. A nan ne mu ke kasawa ƙwarai. Wanda aka damfara ya kan yi shiru saboda kunya. Mace ta ɓoye wa mijinta, dattijo ya ɓoye wa 'ya'yansa, ɓarawo kuwa ya ɗauki dabarar nan ɗaya ya bi bencin majami'a da ita daga wannan kai har wancan. Ekklesiya tana da hannu cikin wannan shiru, gama mutane sun iya dariya, sun iya cewa, kai da iliminka? Waɗansu ma su kan ƙara masa da cewa wani zunubi ne ya jawo masa, irin ta'aziyyar abokan Ayuba. Wanda aka cuta ba wawa ba ne, mutum ne da aka same shi a ranar gajiya.

In abin ya faru, sa'a ta fari ta fi dukan sauran. A kira banki nan da nan a rufe asusu da kati. Bankuna da yawa suna da lambar da a ke dannawa ko a wayar wani domin a rufe, ka nemi ta bankinka yau ka rubuta ta a takarda. A je ofishin kamfanin waya a rufe sim. A gaya wa abokan ciniki da 'yan'uwa ta kowace hanya kada su tura kome. A ajiye saƙonni da lambobin da aka kira da su, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Tun 2015 Nijeriya tana da doka ta musamman a kan laifofin intanet. Ba mu yi alkawari kuɗin za su dawo ba, domin ɓarayi su kan rarraba su asusu asusu cikin mintoci, amma wani lokaci a kan tare su idan an yi hanzari. A kuma yi hankali da wanda zai zo daga baya ya ce shi gwani ne, a biya shi ya ƙwato kuɗin. Sau da yawa ɗan gidan ɓarayin ne ya dawo yin kala.

Sauran magana ɗaya mai-nauyi, ba za mu tsallake ta ba. Masu-wannan sata ba aljanu ba ne, 'ya'yan mutane ne, waɗansunsu an yi musu baftisma. Suna ce da ita wayo, wai Turawa masu-kuɗi su ke ci. Obinwanne Okeke, wanda mujallar Forbes ta taɓa sa shi cikin samarin Afirka masu-tasowa a kasuwanci, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 10 a 2021 saboda zambar wajen dala miliyan 11 ta imel. Amma wadda mu ke gani da idonmu ana cuta, gwauruwa ce mai-sayar da manja, wadda ta tara kuɗin makarantar marayunta. Doka ta takwas ba ta ware satar waya ba. Iyaye, yaron da ba shi da aiki ya shigo da wayar rabin miliyan, ku tambaya. Dattawa, baikon da ba a san tushensa ba, ku tambaya kafin a yi tafi. Wanda kuma ya ba da aron asusunsa a zuba kuɗin da bai san asalinsu ba domin a ba shi kaso, ya sani sunansa ne ke rubuce a banki, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Ga wanda ya tuba akwai gafara wurin Yesu Kristi. Zakka mai-karɓan haraji kuwa ya nuna mana tuba tana tafiya tare da mayar da abin mutane.

Samarinmu masu-sanin waya, ga aikin da ya dace da hannunku. Muna ba dattawan kowace ekklesiya shawara su keɓe wata Lahadi bayan sujada, samari da 'yan mata su zauna da iyaye ɗaya ɗaya, a sa lambar sim, a sa lamba ta biyu a WhatsApp, a rubuta lambar rufe asusu ta kowane banki a manna a allon sanarwa. Mai-taimako ya nuna wurin, sa'an nan ya juya fuskarsa, mai-waya ya danna lambarsa da kansa. Kowa ya zo da katin da aka ciro sim ɗinsa daga jiki in yana nan, gama in aka yi kuskuren lambar sim sau uku layin ya kan kulle, sai da lambar PUK da ke rubuce a katin nan a ke buɗe shi. Wanda nasa ya ɓace, ya fara biyawa ta ofishin kamfanin wayarsa kafin ranar.